Ƙarfe a Jikin Inna, Suna na Khala

Sana'ar Inna zuba gahawa ce a gidajen biki. A nan Jidda sabbaba ake ce wa mai wannan aiki, kuma a zamaninta duk babban bikin da za a yi, daga Sharafiyya har can arewacin gari, matanmu za ka gani a jere, buta a hannun hagu, finjalai a hannun dama. Ita ta koya mini riƙon buta tun ban isa ɗaga ta da hannu ɗaya ba. Abin da ta fara dasa mini a ka shi ne ba a cika finjali. Ɗan kaɗan ake zubawa, abin da zai rufe gindinsa, don baƙo ya sha ya miƙo a ƙara masa, hira ta yi tsawo. Wanda aka cika wa finjali har baki kuwa, an gaya masa ke nan ya sha ya kama gabansa, ba a son zamansa. Inna ta ce ta zuba wa matan da suka zage ta a kan idonta, ta zuba wa waɗanda suka toshe hanci da ta gifta, amma ba ta taɓa cika wa ko ɗaya ba, don rashin tarbiyyar wani ba ya zama dalilin zubar da taka.

Tsayuwar nan ce ta cinye mata kwatangwalon dama. Shekara da shekaru a kan marmara, ga nauyin buta, ga hawa da sauka. Lokacin da ciwon ya kai ta ga yin salla a kan kujera, Baba ya riga ya rasu, kuma iƙamarta, takardar zamanta a ƙasar, ta bi shi, don a ƙarƙashin kafilinsa take, wato mai tsaya masa, wani mai rumbunan kaya a Khumra wanda ko gaisuwar mutuwa bai aiko ba. Inna a Jidda aka haife ta, ba ta san wata ƙasa ba sai a bakin kakarmu, amma a gaban teburin asibiti ita ba kowa ba ce.

Tana da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda muke ce wa Khala. Kamarsu ɗaya sak, har tsayi har murya, sai dai Khala ta fi ta jiki don ta fi ta hutu. Khala ta auri mutumin da iyayensa suka samu takardar ɗan ƙasa tun da wuri, yana aiki a wani kamfani da ke biya wa iyali magani. Ammu muke ce masa. Mutum ne mai farar riga da ba ta taɓa sanin ƙura ba, mai carbi da turare, kuma Bahaushe ne gaba da baya, amma Hausar tasa a aljihu yake ajiye ta. Da Larabci yake yi mana magana, da Larabci yake yi wa kakarmu, wadda ba ta jin rabin abin da yake cewa. In kika ji Ammu ya saki Hausa tiryan-tiryan, to ki riƙe jakarki da kyau, akwai abin da yake nema.

A wancan lokacin aron katin asibiti ba baƙon abu ba ne a cikinmu. Ba a fara ɗaukar hoton yatsa ba, mace kuma a rufe take shiga, wa zai ce ta ɗaga niƙabi? Na san wadda aka cire wa haƙori da sunan maƙwabciyarta, na san wadda aka yi wa aikin ido da sunan surukarta. Ba ma kiransa zamba, rufin asiri muke ce masa, kuma wanda ya yi maka shi ya zama naka har kabari. Zan faɗi gaskiyar Khala a nan, don kada a ce ƙiyayya ta rufe mini ido: ita ta kawo katin da kanta, tana kuka, ta ajiye shi a cinyar Inna. Ammu sai da aka yi ta lallashi kafin ya yarda, da ya yarda kuma ya mayar da abin tuta. Babu zaman da za a yi a dangi bai jefo maganar ba, yana kallon sama yana cewa abin da aka yi don Allah ba a faɗa.

Likitan asibitin kuɗin da ya duba ta ya ce ta zo a sa'a, akwai wani sabon samfurin kwatangwalo da ake dasawa, ƙarfe ne ke juyawa cikin ƙarfe, an yi shi ne don masu aikin tsaye irinta, sai ta gaji da shi. Aka yi aiki. Duk kwanakin da ta yi a kwance da sunan ƙanwarta take amsawa, ni kuma ina gefen gado ina ce wa uwata Khala, harshena yana harɗewa. Ta warke sumul. Ta koma bakin aikinta, ta yi ɗawafi da ƙafarta ba a tura ta a keke ba, har rawa na ga ta taka a bikin wata ƙawata. Daga baya ma takardunta suka gyaru, ta samu iƙama da sunanta da hotonta. Kwatangwalon ne kawai ya ci gaba da zama a sunan Khala, mu kuma ba mu ga wani abin damuwa a ciki ba. Mun manta cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Bayan wasu shekaru ciwon ya dawo, amma ba irin na da ba. Da ƙara ya fara. In ta sunkuya ruku'u sai ka ji ƙiii, kamar ƙofar da ta daɗe ba ta ga mai ba. Da farko dariya muke yi, ita ma tana yi, tana cewa ƙafarta ce ke tasbihi. Sai kumburi ya fito a matsematsinta, mai zafi. Sai gajiya, matar da ke yini a tsaye ta koma ba ta iya wanke finjalai sai ta huta. Ta ce bakinta ɗanɗanon tsabar kuɗi yake yi. Kunnenta na dama ya soma toshewa, ta soma manta inda ta ajiye abu. Dariya ta ƙare mana.

Khala da Ammu ba su bar zuwa dubiya ba, wannan kam a ba su. Ammu ya kan zauna a kan kujerar da ta fi kowace laushi, ya ce hassada ce, bakin mutane ne, mace ta tashi daga kujera ta koma rawa ai dole ido ya kama ta. Ya kawo ruwan tofi a jarka, ya kawo zuma da habbatussauda, ya turo mai ƙaho har gida. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, da su aka raine ni. Wanda na raina shi ne mutumin da ya kawo su, amma a lokacin ban san dalilin da zan raina shi ba tukuna, har godiya nake yi masa ina rako shi bakin mota.

Na kai ta wani ƙaramin asibiti a nan Waziriyya inda muke zaune. Likitan, wani dattijo Bahaushen Sudan, ya duba hoton ƙashin da kyau. Sannan ya ce akwai irin waɗannan ƙarafan da in suna gugar juna sukan zubar da gari, garin ya ci naman da ke kewaye, wani ya shiga jini. Ya ce shi ba zai iya cewa nata irinsu ne ba, sai an san samfurin, samfurin kuma yana rubuce a inda aka yi aikin. Mu koma can, in ji shi, kada mu yi wasa. Da na gaya wa Khala, sai ta ce ai asibitin nan an sayar da shi tuntuni, sababbin masu shi sun zubar da tsofaffin takardu, Ammu ya bincika. Na yarda. Me zai sa ƙanwar uwata ta yi mini ƙarya a kan ƙafar yayarta?

Ana nan sai zuwan Khala ya ƙaru. A da sau ɗaya a wata take leƙowa, sai ta koma kusan kullum, kuma ta zo da tambayoyi. Yaya, daidai ina yake miki ciwo? In kin tashi ne ya fi, ko in kin zauna? Ƙarar fa, kullum ce ko sai kin sunkuya? Ta kan sa Inna ta tashi ta taka zuwa ƙofar kicin ta dawo, ita kuma ta zuba mata ido ko ƙiftawa ba ta yi. Inna ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce da ni, kin gani ko, naka sai naka.

Wata ranar da yamma, bayan Khala ta yi sallama ta sauka, na je rufe taga don zafi ya yi yawa. Motar Ammu tana can gefen shagon mai gyaran firiji. Sai na hango Khala ta fito daga ƙofar bene tana ɗingishi. Na ɗauka ta gurɗe ne a matakala. Ammu ya sauke gilashi ya yi mata magana yana nuni da carbi, sai ta tsaya, ta gyara jaka, ta canza ƙafa. Da hagu ta fara, shi ya tuna mata dama ce. Ta ƙarasa mota tana jan ƙafar dama, tana ɗan jefa kafaɗa, tafiyar uwata sak. Na tsaya riƙe da marfin taga. Ban gane komai ba a lokacin, amma na san ruwa ba ya tsami banza.

Ba a daɗe ba Ammu ya zo da kansa, da faranti na kunafa mai zafi, kayan zaƙin nan na Larabawa, ya yi sallama da Hausa. Har da "ina gajiya, ina wahala". Na ce a raina yau akwai magana.

Ya zauna ya gyara riga ya ce albishir ya kawo. Kamfanin da ya ƙera ƙarfen, can a ƙasashen Turawa, ya amsa cewa samfurin yana da matsala, ya ce a dawo da shi. A dawo da shi! Kamar tukunyar lantarki ce da za ka naɗe a kwali ka mayar kanti. Abin da suka kafa a cikin ƙashin mutum, nama ya rufe shi, shi ne suke cewa a dawo da shi, ko kunya babu. Ammu ya ce a can mutane sun kai ƙara ana biyansu diyya, kuma akwai wani ofishi a Sharafiyya, saman wani shagon waya, da ke haɗa mutane da lauyoyin can. Ya riga ya je, ya rubuta sunan Khala.

Na ce, "Ammu, kai a ina ka ji an ce a dawo da shi?"

Ya ce, "Mustashfa ne suka kira."

"Asibitin da aka sayar, aka zubar da takardunsa?"

Ya ja carbi. Khala ta ce, "Ya binti, sun ɗan kira ne haka, ba mu gane me suke so ba."

"Yaushe suka fara kira, Khala?"

Ammu ya ce da ɗan daɗewa. Khala, da yake bakinta ya fi hankalinta sauri, ta ce ai tun kafin bikin 'yarta ne, don ta tuna tana wurin mai ɗinki suka fara damun ta.

Bikin 'yar Khala. Yarinyar da a ranar da muke wannan magana ɗanta na fari ya shiga makaranta. A bikin nan Inna ce ta tsaya a kan gahawa daga farko har ƙarshe, kyauta, don ta ce ba za a ɗauko bare a bikin 'yarta tana raye ba. Ni na riƙe ta muka sauko matakalar ɗakin bikin, tana cije leɓe. Ashe a ranar nan uwar amarya da uban amarya sun san abin da ke cikin ƙashinta. Sun san asibiti yana neman mai ƙarfen don a auna jininta, in ya kama a cire a sa wani, kamfani ne zai biya. Suka ji tsoron a gano aron kati, suka yi shiru, suka saya mata zuma.

Shirin Ammu kuwa ga shi. Lauya yana son hoton ƙashi da gwajin jini da sunan mai ƙara. Yanzu an zo zamanin basma, ba a wuce tebur sai an ɗora yatsa. To Khala za ta ɗora yatsa ta karɓi takarda, ta shiga banɗaki, Inna tana ciki tana jira da abaya iri ɗaya, sai Inna ta fito ta je a ɗebi jinin. Ɗingishin kuma don ranar ganin lauya ne. Ya faɗi wannan duka yana murmushi, kamar wanda ya gano hanyar Makka.

Na ce, "To in gwajin ya nuna akwai guba, sai a yi mata aikin?"

Ya ce, "La, la, amaliyya wani abu ne daban. Can kowace ƙofa basma, kuma likitoci za su ga fuska. Wannan sai daga baya, in sha Allah. In diyya ta fito ai ba za mu manta da Hajiya ba."

Wato jininta suke so, ita kuma ta zauna da ƙarfenta. Na dubi kunafar nan, na ji kamar in kifa masa ita a farar rigar. Inna ba ta ji rabin maganar ba saboda kunnen, sai da na maimaita mata da ƙarfi bayan sun tafi, kalma bayan kalma, ina kallon fuskarta. Ta ce in rufe kunafar kada tururuwa ta hau.

Shirin bai je ko'ina ba. Mutumin ofishin Sharafiyya ya gaya musu cewa in magana ta yi nisa, likitan da kamfani ya yarda da shi zai duba mai ƙara da kansa, ya ga tabon aiki, ya sake ɗaukar hoto. Khala kuwa cinyarta sumul take kamar ta jariri. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Daga ranar ɗingishinta ya warke, Ammu kuma ya koma malami. Zuwansa na gaba da Larabci ya yi sallama, ya zauna ya yi mana wa'azi a kan ƙaddara. Mumini ba ya kai ƙarar abin da Allah ya rubuta masa, in ji shi, kuɗin ciwo ba su da albarka, shi tun farko ma zuciyarsa ba ta kwanta da abin ba. Na sha ganin marasa kunya a gidajen biki, amma ban taɓa ganin wanda ya canza alƙibla da sauri irin wannan ba, ko numfashi bai sauke ba.

Na je asibitin ni kaɗai. Yana nan daram inda yake, ko fentinsa ba a canza ba. Na sami wata mata a ofishin da ke kula da masu irin wannan ƙarfe, na tambaye ta ba tare da na ambaci suna ba, na ce wata maƙwabciyata ce. Ta dube ni irin duban wadda ta sha jin labarin maƙwabta. Ta ce ba yau aka fara ba. Mai sunan za ta zo tare da mai ƙarfen, su faɗi abin da ya faru, a gyara fayil, sannan a duba marar lafiya kamar kowa. Amma dole maganar ta wuce gaba, ga hukuma da kamfanin inshora, abin da zai biyo baya kuma ita ba za ta iya yi mini alkawari a kai ba. Ta ƙara da cewa ƙofar ba za ta zauna a buɗe har abada ba. Na gwada wasu asibitocin ma. Duk wanda ya ga hoton sai ya ce aiki ne babba, a koma inda aka fara, abin da suke nema kuma ko kayan ɗakinmu duka muka sayar ba mu kama hanyarsa ba.

Na tara Khala da Ammu a ɗakin Inna na faɗa musu abin da matar ta ce. Ammu ya miƙe tsaye. Aikinsa fa? Kuɗin ritayarsa fa? 'Ya'yansa maza da ke ofisoshi, a ce uwarsu ta yi tazwir, zambar takarda? Wannan ce sakayyar alheri? Ya ce aib ne, aib ne babba, mutum ya ba ka inuwa ka sare bishiyar. Ban ce tsoronsa ƙarya ba ne, tsoro ne na gaske, kowa a garin nan ya san nauyin takarda. Amma mutumin da bai ji tsoron shirya musayar abaya a banɗaki don diyya ba, yau shi ne yake jin tsoron a cire guba daga jikin yayar matarsa. Khala ta sunkuyar da kai tana hawaye, tana ƙirga zanen darduma.

Na ce, "Khala, da ke nake. Ke ce mai sunan."

Ta ce, "Abin da Ammunki ya ce."

Na ce to shi ke nan, gobe zan sa Inna a mota in kai ta, in ajiye musu hoton a tebur, su auna shi da fayil ɗin su ga jikin wa ƙarfen yake. A nan ne Inna ta ɗaga hannu. Ta juyo da kunnenta mai ji, ta ce in sake faɗa. Na sake.

Ta ce, "Ranar da ba ni da suna a garin nan, ita ta ba ni nata. In kika kai ta gaban hukuma da bakinki, ban yafe miki ba, duniya da lahira."

Na ce, "Inna, ƙafarki ce fa. Jininki ne."

Ta ce, "Na sani, a jikina yake. Ki bar ta. Za ta zo da kanta ta ce Yaya tashi mu je. Ni na goye ta, na san ta."

Ammu ya ce ma sha Allah, ga imani, ga mutanen da. Ya fita yana gyara ghutrar da ke kansa a madubin ƙofa.

Na bi maganar uwata, don ba ni da wata uwar. Muka shiga jira. Inna ta bar aiki gaba ɗaya, ta koma katifa a ƙasa, daga nan zuwa banɗaki sai da sanda da kafaɗata. Amma duk ranar da Khala ta ce za ta zo, sai ta sa na yi mata wanka, na ciro mata abayar fita na rataye a bayan ƙofa, iƙamarta a aljihu, ko da yau ce ranar. Khala ta zo, ta kawo dabino, ta yi hirar jikoki da tsadar haya, ta tafi. Ni kuma in mayar da abayar cikin kwaba. Na daina yi wa Khala magana sai gaisuwa, Inna kuwa ba ta rage mata komai ba. Buta a gefen katifarta take, a zaune take zubawa yanzu, amma hannun yana nan yadda yake, ɗan kaɗan a gindin finjali, a miƙa da dama.

Ranar da nake son ba da labarinta, da rana ce kafin la'asar. Khala tana zaune a gefen hagun Inna, ɓangaren kunnen da ke ji, ta sha finjali ɗaya ta miƙo a ƙara. Sai wayarta ta yi ƙara. Khala irin mutanen nan ce da ba su iya amsa waya sai a lasifika, a riƙe ta gaban baki kamar faranti. Muryar mace ce, da Larabci, daga asibiti. Ta ce suna bin waɗanda ba su taɓa zuwa gwaji ba ne, sun daɗe suna kira, suna so su san ko za ta zo a ba ta rana, ko kuwa su rubuta ba ta buƙata.

Abayar tana rataye a bayan ƙofa. Inna tana riƙe da buta, ba ta dubi kowa ba.

Khala ta dubi wayar, ta dubi darduma. Sannan ta ce, "Alhamdu lillah ya ukhti, ni lafiyata lau. Ba ciwo, ba komai. Ko makon jiya na yi umra da ƙafata. Khalas, ku rufe, kada ku ƙara wahalar da kanku."

Matar ta tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce ta tabbata. Aka yi godiya, aka kashe.

Khala ta jefa wayar a jaka ta ce, da ƙarfi don Inna ta ji, masu tallan nan ba sa barin mutum ya huta. Na buɗe baki, sai na ga Inna ta karkata butar. Ta zuba abin da zai rufe gindin finjali, inda hannunta ya saba tsayawa tun kafin a haife ni. Bai tsaya ba. Gahawar ta hau rabi, ta wuce, ta kai baki har ta yi tozo. Ko ɗigo bai zuba ba. Ta miƙa wa ƙanwarta da hannun dama.

Khala 'yar gida ɗaya ce da Inna, uwa ɗaya ta koya musu buta. Ta dubi finjalin, ta ce, "Yaya."

Inna ta ce, "Sha."

Finjali ba shi da mariƙi, in ya cika babu inda za ka kama da ba zafi. Khala ta karɓa, gahawar ta zubo mata a abaya. Ta shanye tana ƙona baki, ta ajiye, ta ɗauki jakarta. Na ji saukarta a matakala, da sauri, ƙafafu biyu lafiyayyu.

Inna ta ajiye butar. Ta ce in sauke abayar nan daga bayan ƙofa, ƙura take sha. Sannan ta miƙo mini hannu ta ce in ɗaga ta, an kira la'asar. Na sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarta na ɗaga, ƙarfen ya yi ƙararsa.